Katin Masu Fasa Dutse

Duk wanda ya taɓa zama a bencin ƙofar shagon mai aski ya san Guduma. Wanda bai san shi ba, to bai zauna ba ne, wucewa kawai ya yi. Tsoho ne dogo mai faɗin kafaɗa, ya ba saba'in baya, amma har yau in ya yi atishawa sai kajin maƙwabta sun watse. Bai taɓa shiga aji ba. Ko sunansa aka rubuta aka ajiye masa a gaba, sai dai ya ce rubutun ya yi kyau. Amma in ana maganar wane ya yi me a wace shekara, masu biro a aljihu ma wurinsa suke zuwa tambaya.

Labarin da ya fi so, wanda yake bayarwa kusan kullum da yamma, shi ne na shekara talatin da ɗaya da ya yi a tsohon kamfanin fasa dutse. Su goma sha huɗu aka ɗauka aiki rana ɗaya, duk samari majiya ƙarfi. Goma sha uku tari ya kwashe su, ɗaya bayan ɗaya.

"Saura ni," zai ce, ya daki ƙirjinsa ya yi ƙara kamar durom. "Shekara talatin da ɗaya ina rungume da injin huda dutse. Ƙurar da na shaƙa, in aka tara ta, sai a gina makaranta har da gidan hedimasta. Me ta yi mini? Ƙirjin nan ba irin naku ba ne na 'yan shayi."

"Baba, jiya fa asibiti ka ce za a gina," in ji mai aski.

"Ƙurar ta isa duka biyun. Yi askinka."

Mutum ɗaya ce ke iya kashe masa baki, ita ce tsohuwarsa, wato matarsa. In ya ɗauko labarin a cikin gida ba ta musu. Sai dai ta ce, "Malam, an kawo ruwa. Ja tiyo ka cika mana durom, tunda kai ne gwani." Nan take zai yi gum, ya tashi ya ja tiyon. 'Ya'yansu sun ɗauka wasan tsufa ne kawai.

To amma shekara biyu ke nan labarin ya fara yi masa ɗaci a baki, saboda Auta. Auta ɗansu ne na ƙarshe, magidanci mai 'ya'ya uku, yana aiki a sabon kamfanin dutse da ke bayan gari, kuma a kan injin huda dutse, don tun yana ƙarami ya rantse sai ya gaji ubansa. Kamfani na ba su takunkumin rufe hanci, shi kuwa sai ya rataya nasa a wuya, in an yi magana ya ce, "Ni ɗan Guduma ne." Yanzu ga shi da tari. Sau biyu yana shan maganin tarin fuka na wata shida-shida har ya ƙare, tarin ko gezau. Matakala uku ce a ƙofar ɗakinsa, sai ya huta a ta biyu. Ƙaramar 'yarsa in ta ɗaga hannu ya ɗauke ta, sai ya shafa kanta ya ce ai ta yi girma. Da safe Guduma yana jin tarin ta bayan bango, busasshe, kamar ana jan kujera a kan siminti, kuma ya san shi. Sau goma sha uku ya taɓa jin irinsa.

Wata Talata sai ga Sista ta yi sallama. Ita ce nas ɗin ɗakin masu tari a asibitin unguwa, gajeriya mai gilashi, ta yi shekara ashirin tana miƙa wa mutane ƙwayoyi ta taga. Ta gaida tsofaffin, ta ja kujerar roba ta zauna, ta ce akwai taro ranar Alhamis.

"Masu ba da kuɗin binciken lafiya a yankin nan ne suka kira shi, Baba. Da can a ofis suke zama su zaɓi cutar da za a bincika. Bana sun ce sai sun ji daga bakin mutane, likitoci da ungozomomi da manoma da direbobi da masu jinya, kowa da kowa. Abu biyar kaɗai za a ɗauka, su za a yi wa aiki shekara biyar masu zuwa. Wanda bai shiga ba, sai wani zagayen."

"To ni mene ne nawa? Ni lafiyata ƙalau, ki tambayi kowa."

"Auta fa?"



Ta ce gwajin kakin Auta na baya-bayan nan babu ƙwayar cutar tarin fuka ko ɗaya. Ba shi kaɗai ba ne, tana da irinsa da yawa, kuma ta lura kusan duk daga wajen dutse suke zuwa. Ita a ganinta ƙura ce ke cin huhunsu, amma ba wanda ya taɓa zuwa ya duba su nawa ne, ko a wane ɓangaren aikin abin ya fi tsanani. A littafin asibiti kuwa dukansu tarin fuka aka rubuta musu, wajen sana'a kuma lebura.

"In ni na faɗa, za a ce tsammanin nas ne kawai. Kai ka yi aikin, kai ka binne abokanka. Ka je ka ba su labarin."

Labari! An taɓo masa inda yake so. Ya gyara zama ya ce, "'Yata, ki ce su tanadi kujeru masu ƙarfi, don sai sun faɗi."

Tsohuwa tana gefe tana tsintar shinkafa. Ba ta ko ɗago ba ta ce, "In za ka ba su, Malam, ka ba su duka."

"Ke dai ki ji da shinkafarki."

Ranar Alhamis ya saka rigarsa mafi kyau, suka tafi shi da Sista. Ɗakin taron yana hawa na uku na wani dogon gini. Aka nuna masa lif, ya kalle ta sama da ƙasa ya ce shi ba buhu ba ne da za a loda. Ya taka matakala, ya riga masu lif isa, ya tsaya a bakinta yana jiransu yana gyaran murya.

Ɗaki ne dogo mai fankoki shida, tebura da farin ƙyalle, gaban kowa ruwan gora da biro da takarda. Guduma ya ɗauki biron ya soke a aljihu. A jikin bango an manna manyan katuna goma sha biyu, Sista ta bi da shi tana karanta masa: zazzaɓin sauro, mutuwar mata wajen haihuwa, ciwon sukari, hawan jini, tarin fuka, haɗarin mota, ciwon ƙoda, da sauransu. Daga littattafan asibitoci aka tsamo su. Shugaban taron, wani farfesa mai furfura da sanyin murya, ya ce duk mai abin da ba ya bango ya faɗa a ƙara, bayan hutu kuma za a ba kowa sitika biyar ya manna a kan abin da ya fi damunsa. Katuna biyar da suka fi tara sitika, su ke nan.

Wata ungozoma ta tashi ta ba da labarin matar da jini ya ƙare mata a bayan mota, saura tafiyar minti goma a isa asibiti.  Wani direba ɗan unguwar su Guduma ya yi maganar ramukan titi har sai da aka karɓe masa makirufo. Sannan aka zo kan Guduma. Da aka miƙo masa makirufon sai ya ture shi.

"Riƙe abinka, ɗana. Ni da nawa aka haife ni."

Rannan ya ba da labari kamar bai taɓa bayarwa ba. Ya kwaikwayi ƙarar inji har biro ya yi rawa a kan tebur. Ƙurar wannan karon jami'a ta gina, har da filin ƙwallo. Goma sha ukun ya ambace su kamar yadda ya saba, wato a gurguje, don a yi maza a iso kansa. Ya daki ƙirji. Aka yi ta dariya ana tafi, har Farfesa sai da ya share hawaye. Sakatariyar taro ta ɗauko sabon kati ta rubuta tarin masu fasa dutse, ta manna shi na goma sha uku.

Sai wani matashin likita ya ɗaga hannu, wanda tun safe yake zubo alƙaluma daga kwamfutar da ke gabansa. Da ladabi ya yi magana.

"Ranka ya daɗe, Baba ya burge ni. Amma katuna sun yi yawa, kuɗin kuwa kaɗan ne. Mutanen nan a littattafanmu tarin fuka ne ajalinsu. Ba na musun ƙura tana da illa, wannan sananne ne. Sai dai in ƙurar wurin nan ta kai yadda ake tsoro, ga Baba, shekara talatin da ɗaya a bakin inji, da idona na gan shi ya riga lif hawa bene. Ina ganin a haɗe katin nan da na tarin fuka kawai."

Aka sake dariya. Guduma har da ɗaga hannu yana amsa gaisuwa, don shi yabon ƙirjinsa ya ji. Farfesa ya ce a je hutu, in an dawo babu mai ja, za a haɗe. Sai da Guduma ya waiwayo ya ga Sista ta cire gilashinta tana gogewa da gefen riga, ita kaɗai ce ba ta dariya.

A baranda, wajen teburin shayi, ta ja shi gefe.

"Baba, in aka haɗe, kuɗin kan ƙwayar cuta zai tafi. Auta kuwa ba shi da ƙwayar cuta. Wata shidan za a sake ba shi, shi ke nan."

Ba ta ce laifinsa ba ne. Ta miƙa masa kofin shayi ta tafi wajen ungozomar.

Yana nan tsaye sai ga wata mata siririya daga jami'a, wadda aka ce lafiyar ma'aikata take nazari. Ta gaishe shi ta ce, "Baba, ka ɗaure mini kai. Injin naku a bushe yake huda dutsen, ko ana zuba masa ruwa?"

"A bushe! Ƙura har ba ka ganin na kusa da kai."

"To kai kam abin mamaki ne. Inda ake jiƙa dutse, ƙurar ba ta tashi sosai, mutane sukan tsira. Amma a bushe, shekara talatin..." Ta girgiza kai. Wani ya kira ta, ta wuce.

Guduma ya ajiye kofin. Ya matsa bakin taga. Can ƙasa wani tsohon mai lambu yana ba fulawoyi ruwa da tiyo, ya ɗaga bakinsa sama, rabin ruwan iska ke kwashewa. Ko daga hawa na uku Guduma ya ga mutumin bai iya ba.

Ga gaskiyar maganar, wadda tsohuwarsa kaɗai ta rage a duniya ta sani. Shekara huɗu kacal ya yi a kan inji. A ta huɗun, heluma, wato shugaban leburori, wani ɗan guntun mutum mai siririyar murya, ya daka masa tsawa a gaban jama'a. Guduma ya sunkuce shi ya zaunar da shi a cikin baro, ya tura shi har bakin ofis. Washegari aka cire shi daga inji aka ba shi tiyo. Aikinsa ya jiƙa hanya da tarin tsakuwar da ke kusa da ofis, don kada ƙura ta ɓata motar manaja. Aikin tsofaffi ne da waɗanda suka ji rauni. Shekara ashirin da bakwai ya yi ƙafarsa a cikin taɓo, abokansa suna kiransa Mai Lambu. Kafin ya taso gida yakan laɓe bayan tanki ya shafa ƙura a riga da gashi. Abokan a wurin aiki suke tsokanarsa, a gari kuwa ba wanda ya taɓa tona shi. Heluma kam bai sake gaishe shi ba, da tarin ya kashe shi ma, Guduma ko ta'aziyya bai je ba. Da na ƙarshen goma sha ukun ya kwanta dama, sai shekara huɗu ta koma talatin da ɗaya, babu mai musu.

Ashe ruwa ne. Shekara da shekaru yana dukan ƙirji, ashe tiyon da yake jin kunyarsa shi ya ajiye shi. Ya tuna takunkumin Auta yana lilo a wuya. Ya kuma tuna benci, da mai aski, da direban nan da ke cikin ɗakin, wanda bakinsa ya fi motarsa gudu. Duk abin da aka faɗa a nan, kafin ya sauka daga bene ya isa unguwa.

Aka kaɗa ƙararrawa, aka koma ciki. Farfesa ya tambaya ko akwai mai ja. Sakatariya har ta kama kusurwar katin za ta ɓare. Guduma ya miƙe. Ya buɗe baki, muryar da ke watsa kaji ta ƙi fitowa.

"Ɗana," ya ce wa mai makirufo, "kawo abin nan naka."

Ya riƙe shi da hannu biyu.

"Ranka ya daɗe, ɗazu ƙarya na yi muku. Shekara huɗu na yi a inji. Sauran ashirin da bakwai tiyo na riƙe ina jiƙa hanya, horo aka yi mini. Ƙirjina irin na kowa ne. Ruwa ne ya tsare ni, ni ma yanzu a baranda na sani."

Direba ya tuntsire da dariya shi kaɗai. Ungozoma ta juyo ta yi masa kallo ɗaya, ya haɗiye sauran.

"Ku rubuta, tunda kun iya," in ji Guduma. "Shida ne suka zauna a kan inji. Dogo, Mai Usur, Ɗan Fari, Sarkin Barci, da wasu 'yan'uwa biyu da muke kira Manya. A cikinsu ba wanda ya ga auren 'yarsa ta fari. Huɗu a bakin injin niƙa suke, inda tsakuwa ke zubowa. Su suka bi baya, tsakanin shekara biyar duk sun tafi. Uku loda mota suke yi a fili, inda iska ke kaɗawa. Su sun daɗe, na ƙarshensu har ya yi furfura. Heluma yawo yake tsakaninsu, shi ma tarin ne. A tiyo kuwa mu biyu ne, ni da wani mai ido ɗaya. Shi babur ne ya buge shi yana da shekara tamanin, yana tsallaka titi da gudu."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya sai can baya, kaɗan. Matar jami'a rubutu take kamar biron zai kama wuta. Ta sa ya maimaita, ya maimaita bai canza ko ɗaya ba, har da shekarar da kowanne ya fara tari, yana ɗaure ta da shekarar da aka yi ambaliya ko wadda aka kawo wutar lantarki unguwa. Ta ɗago ta ce wa Farfesa wannan babu shi a littafin kowane asibiti, don littafi lebura kawai ya sani, bai san inda leburan yake tsayawa ba.

"Ɗana yana gida," in ji Guduma. "Matakala uku ta fi ƙarfinsa. An gwada shi, babu ƙwayar cutarku a jikinsa. Bakina ne ya hana shi rufe hanci. Ku bar katin nan a bango, ku zo ku duba su tun suna da sauran numfashi."

Matashin likitan ya rufe kwamfutarsa ya miƙe. "Baba, ka gafarce ni. Na janye maganata."

"Ba laifinka, ɗana. Ni na ba ka ƙaryar ka yi lissafi da ita."

Sakatariya ta saki kusurwar katin ta danne shi da tafin hannu.

Aka raba sitika, jajaye 'yan ƙanana, kowa biyar, amma ba a yarda mutum ya zuba fiye da biyu a kati ɗaya ba. Sista ta ce bari ta zana masa guduma a jikin katinsu don ya gane shi. Ya ce ta zana tiyo. Ta zana, ya duba ya ce wannan ai maciji ne, amma a bar shi. Ya manna biyu, ya danna da babban yatsa har allon bangon ya yi ƙara. Ɗaya ya kai wa katin ungozoma. Ɗaya ya sa a hawan jini saboda tsohuwarsa. Ta ƙarshe ya ba haɗarin mota, ko direba zai ji kunya ya rufe bakinsa. Da wutsiyar ido ya ga matashin likitan ya manna biyu a ƙarƙashin macijin, ungozoma ta sa ɗaya, haka wani manomi da bai ce uffan ba tun safe.

Aka ƙirga a gaban kowa. Mata masu haihuwa suka zo na ɗaya, da nisa. Zazzaɓi, hawan jini, sukari. Na biyar ya rage tsakanin ciwon ƙoda da masu fasa dutse. Guduma ya kama bayan kujera. Sakatariya ta ƙirga sau biyu, ta ce masu fasa dutse, da ratar sitika biyu.

Sista ta sake cire gilashi, wannan karon idonta take gogewa. Shi kuwa idonsa ya faɗa kan wata dattijuwa da ta yi maganar ƙoda da safe, mijinta yana kwance. Ya je gabanta ya tsaya. Ita ce ta ce, "Allah ya ba ɗanka lafiya, Baba." Ya ce amin, Allah ya tashi kafaɗar maigidanta. Da za su sauka, lif ya shiga.

Direba bai rufe baki ba. Tun daga nesa mai aski ya ɗaga almakashi yana kira, "Baba, makarantar ta rushe ke nan?"

"Tana nan. Ka taɓa ganin ginin da aka kwaɓa babu ruwa? Yi askinka."

A gida ya tarar da Auta zaune a matakala ta biyu. Ya zauna kusa da shi ya faɗa masa da bakinsa, tun daga baro har zuwa sitika. Auta ya dube shi.

"To Baba, ƙurar da kake dawowa da ita a riga fa?"

"Shafawa nake yi."

Auta ya fashe da dariya har tarin ya sarƙe shi, uban ya riƙe shi yana shafa masa baya, yana jin ƙasusuwan a tafin hannunsa. Da ya lafa, Guduma ya ce, "Ka yafe mini." Auta ya ce haba Baba, ya kawar da kai.

Tsohuwa daga bakin kicin ta ce, "Ni wa zai ba haƙuri? Shekara ashirin da bakwai ina wanke ƙurar da aka shafa da hannu." Amma rannan ita da kanta ta ja tiyo ta cika durom.

Abin bai zo da sauri ba, sai da aka kusa shekara. Wata safiya wata farar mota mai na'urar hoton ƙirji ta tsaya a ƙofar sabon kamfanin, ma'aikata suka yi layi. Matar jami'a ta aiko musamman a zo da Guduma, aka ba shi kujera a inuwa, duk wanda ya zo shi ke tambayarsa inda yake tsayawa da shekarunsa a wurin, don shi ba a iya yi masa ƙarya, ya san hanyarta. Hoton Auta ya nuna tabon ƙura a huhu. Suka gaya masa gaskiya, tabon ba ya gogewa, amma in ya bar ƙurar zai iya rage saurin abin. Aka daina ɗura masa maganin da ba nasa ba. Mutum biyu a layin an makara a kansu, ɗaya bai ga ƙarshen shekarar ba. Kamfani kuwa da ya ga baƙi da littattafai suna zagaye, sai ga tankin ruwa an kawo, aka cire Auta daga inji aka ba shi tiyo. Har yanzu yana hutawa a matakala ta biyu. Amma akwai ranakun da yake mantawa ya wuce.

A makon ne Guduma ya sa rigar da ya je taro da ita, ya nemi gidan heluma. 'Yarsa ce ta fito, ita ma ta manyanta, da jika a hannu.

"Ta'aziyyar babanki na zo yi."

"Baba ai ya fi shekara ashirin da rasuwa."

"Na sani. Ni ne na makara."

Ya gaya mata ko shi wane ne. Ta rufe baki tana dariya, ta ce ashe shi ne na baro. Ta ce babansu yakan ba su labarin, yakan ce manaja korarsa ya so yi a ranar, shi ya roƙa a bar shi ko a tiyo ne, don ya ji matarsa ba ta daɗe da haihuwa ba. Guduma ya zauna a dakalin ƙofar gidan, ya daɗe yana yi wa ɗan guntun mutumin addu'a, ya haɗa da goma sha ukun da suka rufa masa asiri har suka tafi, kowa da sunansa.

Kada wani ya ɗauka bencin mai aski ya huta. Yanzu labarin yadda ya juya ɗaki cike da masu digiri ake sha kullum, farfesoshin ma sun kai bakwai. Ranar hutun Auta kuwa a tsakar gida Guduma ke koya masa riƙon tiyo, jikoki suna tsalle a cikin ruwan.

"Ƙasa-ƙasa, ba sama ba! Sa babban yatsa a bakin, ka baza shi. Ka bi iska, kada ka yi gaba da ita. Ka ga? Duk tarihin kamfanin nan ba a taɓa yin mai riƙe tiyo kamata ba."

Tsohuwa ta ɗago daga wankinta ta dube shi.

"Wannan kam gaskiya ne, Malam."